Wutar Masauki da Wutar Guzuri a Krofrom

Duk wanda ya bi layukan Krofrom a Kumasi ya ɗaga kai ya dubi bangon shaguna, sau da yawa zai ga wani ɗan akwatin ƙarfe mai mariƙi kusa da mita, wayoyi biyu sun shiga cikinsa, ɗaya ta fito. Masu wayarin suna ce masa canji-oba. In an ɗauke wuta, yaron shago ya ja mariƙin ƙasa ya tayar da janareta. In an kawo, ya mayar da shi sama ya kashe inji. Mutane da dama sun ɗauka akwatin nan ɗan zamanin dumsor ne, wato shekarun 2012 zuwa 2016 da Ghana ta sha duhu, kuma suna jiran ranar da wuta za ta zauna a jefar da shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Zama da wuta biyu, ɗaya ta gari ɗaya ta kai, ya girmi dumsor nesa ba kusa ba, kuma ilimin sarrafa su ya iso unguwannin Zango ne a kan ƙafar mota kafin ya iso a kan falwaya. Wanda ya gane haka zai gane cewa abin da ya kamata a kula da shi a wannan lamari shi ne akwatin da ke raba wutar biyu da hannun da ya ɗaura shi, domin a wajensu rai da dukiya suke rataye.

Sunan Zango kansa ya ƙunshi rabin bayanin. Tun kafin Turawa su shigo ƙasar Asante, fataken Hausa suna zuwa Gwanja sayen goro, su taso daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga. Ayari yana da madugu, kuma tafiyarsa zango-zango ce: inda aka yada zango nan ake kwana. A hanya kowa guzurinsa yake ci, ruwan salkarsa yake sha. Idan aka isa gari kuwa, sai a sauka a hannun mai masauki, ya ba da ɗaki, ya adana kaya, ya nemo masu saye, a ɗaure bakin jakar guzuri sai ranar tashi. Bafatake ya san ba ya rayuwa da ɗaya kawai daga cikin biyun nan. Wanda ya dogara ga masauki kaɗai, yunwa za ta kashe shi a daji, wanda kuma ya ce guzurinsa zai ci har a cikin gari, jakarsa za ta ƙare kafin ciniki ya faɗa. Gwaninta ita ce sanin lokacin da ake buɗe wannan a rufe wancan. In aka ɗauki wutar kamfani a matsayin wutar masauki, aka ɗauki batir da janareta a matsayin wutar guzuri, to an sami ma'aunin da za a auna duk abin da ya biyo baya.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin, shigar sojojin Ingila Kumasi a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma suka buɗe birnin ga baƙi daga arewa. Cikin sojojin da Turawa suka zo da su akwai Hausawa da yawa, wasunsu suka zauna bayan sallama, 'yan goro da mahauta da malamai suka biyo sawu. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra ya iso a 1923, goro ya koma bin teku zuwa Legas, jaki ya fara ja da baya. Annobar da ta faɗa wa Kumasi a 1924 ta sa hukuma ta gina Sabon Zango, daga nan unguwannin baƙi suka riƙa yaɗuwa gabas da arewa, Aboabo da Asawase da sauransu. Krofrom, wadda sunanta a harshen Twi ke nufin sabon gari, tana arewacin tsakiyar birni, maƙwabciyar Ash Town da Tafo da Suame, a bakin hanyar da ta nufi arewa. Abin da jaki ya bari, babbar mota ta ɗauka, kuma tashar motocin arewa da ke Krofrom, inda ake lodin Bolgatanga da Bawku, ta gaji aikin tsohon zango: nan baƙo ke sauka, nan direba ke kwana, nan ake duba mota kafin a sake kama hanya.

A daidai wannan zamani wutar lantarki ta shigo ƙasar, kuma yadda ta shigo abin lura ne. Hukumar jirgin ƙasa ce ta fara samar da ita ga jama'a a Sekondi a 1914, domin aikin kanta. Accra ta samu a farkon shekarun 1920, Kumasi a 1927, da farko ma ta 'yan sa'o'in maraice kawai, Tamale a 1930. Kowane gari da tasharsa, babu wayar da ta haɗa wannan da wancan, kuma mafi yawan tashoshin injunan mai ne. Wato wutar gwamnati ta wancan lokaci janareta ce babba da aka kafa a tsakiyar gari, aka ja mata waya zuwa ofisoshi da asibiti da unguwar Turawa da manyan kantuna. Gidan haya na Zango, mai ɗakuna goma sha wani abu kewaye da tsakar gida ɗaya, ba shi ne a kan gaba a jerin masu samu ba. Fitilar kananzir da aci-balbal su suka ci gaba da haska makarantar allo da teburin mai shayi har tsawon shekaru. Saboda haka idan aka tambayi inda ɗan Zango ya fara taɓa waya mai wuta da hannunsa, ya ga tartsatsi, ya koyi cewa fis yana ƙonewa ne domin kada waya ta ƙone, amsar da ta fi ƙarfi ita ce a gindin mota.

Kowace babbar mota ƙaramar tashar lantarki ce mai tafiya. Tana da abin da ke haifar da wuta, dainamo a da, altaneta daga baya. Tana da rumbun ajiya, wato batir mai bolt 12 ko biyu a haɗe su ba da 24. Tana da na'urar da ke yanke hulɗa tsakanin dainamo da batir idan inji ya yi sanyi, don kada wutar ta juyo baya ta zuƙe batirin. Makanikan Kumasi sun fara taruwa tun shekarun 1930 a kusa da tsohuwar ma'ajiyar makaman Turawa, daga nan sunan Magazin ya samo asali, ya kuma bi su har Suame, inda a yau dubban masu sana'a ke aiki a ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai a Afirka. Tsakanin Krofrom da Magazin tafiyar ƙafa ce, kuma yaran Zango sun daɗe suna shiga hannun masta su koyi walda, naɗin kwayil, gyaran batir da wayarin mota. A nan suka ga tsofaffin motocin Ingila irin su Bedford da Austin, waɗanda a da ake haɗa ƙafar batir mai alamar tarawa da jikin mota, suka kuma ga an juya tsarin a shekarun 1960, har ya zama dole mai gyara ya fara tambayar wace ƙafa ce a ƙasa kafin ya taɓa komai. Injin niƙa mai shan man dizal, wanda a Ghana har waɗanda ba Hausawa ba ke kira nikanika, shi ma ya bi ta hannunsu. Wanda ya iya tayar da injin dizal irin Lister ya kuma iya naɗa kwayil, bai rage masa komai ba ya haɗa janareta.

Motar da ta fara nuna wa jama'a wutar guzuri ƙuru-ƙuru ita ce motar silima ta gwamnati. Tun zamanin yaƙin Hitila, ma'aikatar yaɗa labarai ta Gold Coast take tura motoci ƙauyuka da unguwanni ɗauke da na'urar haska hoto, lasifika, farin ƙyalle da janareta, kuma gwamnatocin bayan 'yancin kai na 1957 sun ci gaba da hakan. A arewacin Najeriya irin wannan mota ita ake kira majigi. Ma'aikatanta kan yi kwanaki a hanya, su isa gari da la'asar, su kafa ƙyalle a fili, su ja janareta nesa kaɗan saboda ƙara, su shimfiɗa doguwar waya zuwa na'ura. Direba da mai kula da inji dole su san nauyin da janaretar za ta iya ɗauka, su san kaurin wayar da ya dace da nisan, su san abin da ke faruwa da ƙwan na'ura idan inji ya yi gudu fiye da kima. Yaron da ya tsaya yana kallon yadda ake wannan haɗi ya ga darasi guda wanda silimar ba ta nuna ba: wuta ba sai ta fito daga hukuma ba, ana iya ɗauko ta a bayan mota a sauke ta inda ake so.

Madatsar Akosombo ta zo da alkawarin kawo ƙarshen wannan duka. An kafa hukumar kogin Volta a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar a Janairun 1966, da ƙarfin megawat 588, aka ƙara zuwa 912 a 1972. Manyan wayoyi masu bolt 161,000 suka haɗa Tema da Accra da Takoradi da Kumasi, aka rufe tsofaffin tashoshin dizal na kudu, aka kafa kamfanin wutar lantarki na ƙasa a 1967. Wuta ta yi araha, ta yi yawa, har babban kaso nata yana tafiya masana'antar narka alminiyam ta Valco a Tema, ana kuma sayar wa Togo da Benin. A shekarun nan ne gidajen Zango da yawa suka ga mita a karon farko, sau da yawa guda ɗaya tak ga gida duka, ana raba kuɗin wata bisa yawan ƙwai da rediyo da dutsen guga na kowane ɗaki. Amma alkawarin bai kai ko'ina ba. Wayar ƙasa ba ta isa Tamale da Bolgatanga ba sai ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Ke nan motar da ta tashi daga Krofrom ta nufi arewa, shekara ashirin da ɗoriya tana barin ƙasar wutar madatsa tana shiga ƙasar injin dizal, kuma kayan gyaran waɗannan injuna da masu gyaransu daga Kumasi ake ɗaukar da yawansu.

Ko a kudun ma, ruwan sama ne ya nuna iyakar alkawarin. Farin 1983, shekarar gobarar daji da yunwa da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan guda da aka kora daga Najeriya, ya janye ruwan tafkin Volta har aka shiga rabon wuta. An maimaita a 1998, an sake a 2006 da 2007. A Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun iskar gas na Afirka ta Yamma a gaɓar Lome, tashoshin da ke jiran gas daga Najeriya suka tsaya, bashi da ƙarancin mai suka haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga abin da masu jin Twi suka laƙaba wa dumsor, daga kalmomin kashewa da kunnawa. A 2015 jadawalin ya kai sa'a 24 babu wuta, sa'a 12 akwai. Maganin gaggawa da gwamnati ta nemo shi ma janareta ne, sai dai ƙato: jirgin ruwan kamfanin Karpowership na Turkiyya da ya iso Tema a ƙarshen 2015, da injunan Ameri da aka kafa a Aboadze, waɗanda daga baya aka kwaso su zuwa Anwomaso a gefen Kumasi aka buɗe a 2024. In aka jera shekarun nan, 1983, 1998, 2007, 2015, za a ga babu wani tela ko mai walda ko mai sayar da ƙanƙara a Krofrom da ya yi rayuwar sana'arsa ba tare da ya gamu da yanke wuta mai tsawo ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, shi ya sa janareta ta zauna a bakin shago.

A nan ne wata mota da ba a saba gani a titunan Kumasi ba za ta taimaka wajen fahimta, wato motar nan mai ɗaki da gado da kicin a ciki, wadda Amurkawa da Turawa ke yawon hutu da ita. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera irinta a 1966, GMC ta yi nata daga 1973 zuwa 1978, kuma da yawa cikin waɗannan tsofaffin suna nan suna aiki. Motar tana da wuta iri uku. Akwai batir mai bolt 12 na fitilu da famfon ruwa. Akwai janareta a cikin wani aljihu a gefenta, galibi ƙirar Onan. Akwai kuma doguwar waya mai kauri da ake ja a soka a turken wuta na filin da aka sauka, abin da masu ita suka aro masa suna daga jiragen ruwa suke cewa wutar gaɓa. Abin sha'awa shi ne dabarar da aka yi wa tsofaffin. Babu wata na'ura mai zaɓa wa mutum. Wayar motar guda ɗaya ce, kanta guda ɗaya, ramuka kuma biyu: na turken masauki a waje, da na janareta a cikin aljihun motar. In kana masauki ka soka a turke. In za ka tashi ka zare, ka naɗe, ka soka a ramin janaretarka. Kai ɗaya ba ya shiga rami biyu, saboda haka ko mantuwa ko wauta ba za su iya haɗa wutar biyu ba. Motocin da aka ƙera daga baya ne aka sa wa akwatin da ke sauyawa da kansa bayan janareta ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta daidaita.

Dalilin wannan tsantseni shi ne ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya, a Iowa ko a Krofrom. Wutar gida tana kai-komo ne sau 50 a daƙiƙa a Ghana, kuma janareta ƙarama ba ta da hanyar daidaita takunta da na wutar ƙasa. In suka haɗu a waya ɗaya, babbar ta fi ƙarfin ƙaramar, kwayil ya ƙone, wani lokaci har gobara. Taura biyu ba ta taunuwa. Haɗarin da ya fi wannan muni yana aukuwa ne lokacin da babu wutar ma. Mutum ya yanko waya ya sa mata filogi kai biyu, ya soka ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, ya manta bai kashe babban makunni ba. Wutarsa sai ta bi ta mita ta fita titi, ta shiga gidajen maƙwabta, ta isa taransfoma. Taransfoma kuwa ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauke bolt 11,000 zuwa na gida, haka za ta ɗaga na gida zuwa 11,000. Ma'aikacin da ya hau falwaya da tabbacin an kashe layi, janaretar wani da bai taɓa gani ba ce za ta zama ajalinsa. Canji-oba na bangon shago yana yin aikin da kan waya ɗaya da ramuka biyu ke yi a tsohuwar motar: an ƙera shi yadda ba zai taɓa kama ɓangare biyu a lokaci guda ba.

Darasi na biyu da motar ke koyarwa shi ne lissafi. Turken masauki na Amurka mai amfiya 30 a bolt 120 yana ba da wat 3,600, mai amfiya 50 yana ba da 12,000, kuma mai motar ya san in ya kunna na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ruwan zafi tare a kan ƙaramin, makunni zai faɗi. Soket ɗin Ghana mai baki uku, gadon Ingila, amfiya 13 ne a bolt 230, kusan wat 3,000, ƙaramar janaretar nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai kuwa ba ta kai wat 1,000 ba. Firiji da injin famfo suna zuƙar ninkin abincinsu sau da dama a daƙiƙar tashi, shi ya sa janaretar da lissafi ya nuna ta isa takan shaƙe. Sai kuma kayan da 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka, waɗanda aka yi wa bolt 120 da kai-komo 60: taransfomar hannu tana rage bolt amma ba ta sauya kai-komon, don haka injin cikinsu yakan yi tafiyar hawainiya ya ɗau zafi. Har launin waya tarko ne. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai rai, baƙa ce nitral. A na Amurka baƙar ce mai rai, fara ce nitral. A sabon tsarin Turai ruwan ƙasa da shuɗi ne. Mai wayarin Krofrom yana gamuwa da duka ukun a mako guda, kuma wanda ya ƙware ba ya yarda da launi sai ya gwada.

Mai suka zai ce an yi nisan kiwo, me ya haɗa motar shaƙatawar masu kuɗin Amurka da shagon tela a Zango. Abin da ya haɗa su matsalar ce, kuma ita ba ta san arziki ko talauci ba: ɗaki ɗaya, mafari biyu, dole a raba su. Ban da haka, danginta suna yawo a Kumasi ko da ba a kira su da sunanta ba. Motar ɗaukar marasa lafiya tana da soket a gefe da ake haɗawa da wutar asibiti don kayan cikinta su kasance a cike. Kwantenar kifi da kaji da ke tasowa daga Tema tana shan wutar tashar jiragen ruwa in tana ajiye, ta koma kan janaretar da aka maƙala mata in ta hau hanya. Motocin gwajin lafiya, na gidajen rediyo, da na masu kiɗan biki da jana'iza, duk tsarin ke nan. Da yawansu sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, takardun wayarinsu sun ɓata, wani ya riga ya yi musu kwaskwarima. Idan suka lalace, Magazin ake kai su, kuma mai gyara sai ya bi waya ɗaya-ɗaya da fitilar gwaji har ya gano tunanin wanda ya ƙera.

Suka ta biyu ta fi nauyi: yabon masu haɗa janareta kamar wanke gwamnati ne, domin da hukuma ta yi aikinta da ba a buƙace su ba. Gaskiya ne wutar janareta ta fi ta kamfani tsada nesa, hayaƙinta da ƙararta cuta ne, kuma talaka ne ya fi jin jiki, tun da mai kuɗi yana da inji mai rufi a bayan gida, mai ƙaramin shago kuwa a bakin ƙofa yake ajiye nasa. Babu abin da ke cikin tarihin nan da ya sauke wa hukuma nauyin samar da wuta. Amma neman haƙƙi daban, tsare rai kafin haƙƙin ya iso daban. Asibitocin Jamus da Japan, inda wuta ba ta cika yankewa ba, duk suna da janareta da akwatin sauyi, domin ɗakin tiyata ba ya jiran uzuri. Ƙasar da wutarta ta dogara ga ruwan sama da bututun gas da kuɗin waje, ko ta gyaru, za ta riƙa samun ranakun duhu. Ɗaukar janareta abin kunya na wucin gadi shi ne ya sa ake haɗa ta a gaggauce da guntun waya, kamar abin da gobe za a cire, alhali shekara arba'in ke nan ba a cire ba.

Suka ta uku daga cikin sana'ar take fitowa, kuma dole a karɓi rabinta. Ilimin bolt 12 yana iya zama guba a bolt 230. A mota jikin ƙarfen shi ne hanyar komawar wuta, mutum yana riƙe waya da hannu babu abin da zai same shi. Wanda ya ɗauki wannan sabo ya shiga gida da shi, zai raina wayar ƙasa, ya ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Masu tsofaffin motocin kwana sun san wannan ciwo: idan aka juya waya ko wayar ƙasa ta tsinke, jikin motar duka yakan ɗau wuta, wanda ya taka ƙasa ya kama ƙofa shi ne zai cike da'irar. Kwantenar ƙarfe da aka mayar shago, irin waɗanda suka cika bakin titunan Kumasi, ba ta da bambanci da wannan mota ko kaɗan. Haka nan hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe masu barci idan aka shigar da inji cikin ɗaki ko lungu don gudun ɓarawo. Sai dai abin da wannan suka ke nunawa shi ne giɓin da ke cikin horon, kuma giɓi cike shi ake yi. Mutumin da ya riga ya san lodi da fis da juyowar wuta baya, abin da ya rage a koya masa kaɗan ne idan aka kwatanta da wanda zai fara daga farko.

Doka ta riga ta zo. Ƙa'idojin wayarin na 2011 sun ba Hukumar Makamashi ta Ghana ikon yi wa masu wayarin jarrabawa da ba su lasisi, suka kuma hana a haɗa wa sabon gini wuta sai da sa hannun mai lasisi. Tsari ne mai kyau, amma yana tsayawa ne a ranar da aka sa mita, janareta kuwa bayan shekaru take zuwa, da daddare, a hannun wanda ya fi kusa. Jarrabawar da ake yi da Turanci a takarda tana iya barin gwanin da ya koya a hannun masta da Hausa da Twi a waje, kuma shi ɗin ne mutanen unguwa za su ci gaba da kira ko yana da takarda ko ba shi da ita. Hanyar da ta fi kusa ita ce a kai horon inda yake, ta ƙungiyoyin masu sana'a na Magazin, da makarantun fasaha na birnin, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, a gwada shi da aikin hannu. An taɓa yin irin haka: a farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiya a cikin Magazin ɗin kanta maimakon ta jira makanikai su zo harabarta. Masu cewa hasken rana zai share matsalar kuwa, su dubi bangon gidan da aka sa wa faranti da inbata: mafarin wuta sun zama uku, akwatin sauyi ya ƙaru, kuma batir, wanda ɗan Magazin ya fi kowa sani, ya dawo tsakiyar gida.

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan tun da jaki ya fara ja da baya a Kumasi, amma tsarin da fatake suka rayu a kai bai tashi daga Zango ba, kayan aikin ne suka sauya. Mai masauki yanzu kamfani ne mai aiko da takardar kuɗi, guzuri kuma galan ɗin fetur ne ko batir a ƙarƙashin benci. A ayari, madugu ne ke faɗin lokacin sauka da lokacin tashi, kuma ba a ba wa kowa wannan matsayi sai wanda ya san hanya. A Krofrom ta yau wanda ke yanke wannan hukunci shi ne saurayin da ke zuwa da sukudireba da filaya a aljihun baya ya ɗaura akwatin a bango. Ingancin abin da ya sani shi ke tsakanin janaretar tela da ran ma'aikacin da ke kan falwaya a layi na gaba, don haka kuɗin da za a kashe a koya masa ya fi kuɗin kowace sabuwar janareta amfani ga unguwar.